Kwalin Play na yayana: shara ce ko tarihi?

«Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, ina karatun ilimin zamantakewa. Yayana ya yi shekara goma sha ɗaya yana riƙe da gidan Play a unguwar Zango. Bara ya rufe, don yara duk sun koma waya. Yanzu akwai kwali biyu a zaurenmu: na'urar wasa ta PS2 guda huɗu, manet (abin da ake riƙewa a hannu a buga wasan), faya-fayai fiye da ɗari, katunan ajiya, da littafin da yake rubuta bashi da sakamakon gasa. Baba ya ce a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ni kuma so nake in rubuta kundin kammala karatuna a kan wannan, amma abokaina sai dariya suke yi mini. Da gaske akwai malaman da ke nazarin wasan bidiyo? Ana adana shi kamar yadda ake adana littafi? Me zan yi da kwalin nan?»

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun kafin mu shiga bayani, je ka roƙi Baba ya ba ka wata uku, kuma ka ɗauke kwalayen daga zaure yau ɗin nan, ka kai su ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka ɗora su a kan wani abu don kada su taɓa ƙasa. Sauran maganar za ta iya jira, gara da zafi ba sa jira.

Abu uku ka tambaya a dunƙule: ko wannan ilimi ne da ake yarda da shi, ko wasa yana adanuwa, da kuma abin da kai, ɗalibi a Damagaram, za ka iya yi da hannunka. Ni aikina adana takardu ne da sauti. Na yi shekaru ina juye tsofaffin kaset da takardu zuwa kwamfuta, kuma ta wannan ƙofa na shigo maganar wasanni, ranar da wani ya sauke mini kwali irin naku a bakin ƙofa. Saboda haka da idon mai ajiya zan amsa maka.

Ilimi ne, kuma ba yau aka fara ba

Tun 1938 wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya rubuta cewa wasa ya girmi al'ada, kuma akwai ɗanɗanonsa a cikin shari'a da yaƙi da waƙa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan kara a garin nan, ya ga matasa sun yi shigar manya suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu, jama'a na dariya amma kowa ya gane saƙon, ba ya buƙatar Bature ya gaya masa cewa a cikin wasa ake faɗin abin da ba a iya faɗi a fili.

Nazarin wasan bidiyo shi kansa ya tsaya da ƙafarsa a farkon shekarun 2000. A 2001 Espen Aarseth, ɗan ƙasar Norwe, ya fara fitar da mujallar ilimi mai suna Game Studies, a 2003 kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan bincike ta duniya, DiGRA. A wannan shekara ta 2001 wani masanin tattalin arziki, Edward Castronova, ya shiga wasan EverQuest, ya bi diddigin yadda mutane ke sayen kuɗin cikin wasan da dalar Amurka ta gaske, ya yi lissafi kamar yadda ake yi wa ƙasa. Sakamakon ya ba mutane mamaki: in aka raba arzikin wannan duniya a kan mazaunanta, tana zaune ne tsakanin Rasha da Bulgeriya. A watan Satumba na 2005 wata cuta da kamfanin da ya yi wasan World of Warcraft ya ƙirƙira don wani lungu guda ta kuɓuce ta shiga biranen wasan. Wasu ƴan wasa suka gudu daji, wasu suka tsaya jinyar marasa lafiya, wasu suka riƙa yaɗa ta da gangan. A 2007 Eric Lofgren da Nina Fefferman suka rubuta a mujallar likitoci ta Lancet Infectious Diseases cewa masu nazarin annoba suna da abin koyo daga nan, domin halin mutum a lokacin annoba shi ne abin da lissafi ya fi kasa kamawa. Shi kuwa Tom Boellstorff, masanin al'adu, fiye da shekara biyu ya yi yana zaune a cikin Second Life, wata duniya ta intanet da mutane ke shiga su yi gini da ciniki, kamar yadda mai bincike ke tarewa a ƙauye, ya fitar da littafinsa a 2008.

Ka lura da abin da ya haɗa su. Kowannensu mutane ya je nema, wasan hanya ce kawai. In abokanka sun sake dariya, ka tambaye su: wurin da samarin unguwa suka yi shekara goma sha ɗaya suna haɗuwa kowace yamma, suna kashe kuɗi, suna cin bashi, suna faɗa suna shiryawa, in mai ilimin zamantakewa bai dube shi ba, wa zai duba?

Dalilin da wasa ke mutuwa da ƙuruciyarsa

A 2023 wata gidauniya a Amurka, Video Game History Foundation, ta fitar da bincike da ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Kashi 13 kacal suka rage. Wannan a ƙasar da ke da kuɗi da gidajen tarihi ke nan. Irin haka ta taɓa faruwa da fim: binciken da Laburaren Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinansu na zamanin da fim ba ya magana sun ɓace ƙurmus, don a lokacin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Mu ma mun ɗanɗana. Waƙoƙi nawa ne na makaɗanmu suka narke a cikin kaset a saman kwano?

Littafin ajami da aka rubuta a zamanin Sarki Tanimun, in ya tsira daga gara da ruwa, duk wanda ya iya karatu zai buɗe ya karanta. Ido kawai yake buƙata. Wasa kuwa sarƙa ce: sai da faifai, sai da na'urar da ke karanta faifan, sai da manet, sai da talabijin mai irin ramin da wayar ke shiga, sai da wuta. Zobe ɗaya ya tsinke, sauran sun zama ƙarfe da roba. Faifan da aka ƙona a shago, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin kwalinku in ban yi kuskure ba, rini ne a cikinsa ke riƙe da rubutun, kuma zafi da hasken rana suna cinye rinin nan sannu a hankali. Ka tuna yadda ɗaki mai rufin kwano yake a watan Afrilu da Mayu. Idon da ke karanta faifai a cikin PS2 yana gajiya, ƙurar hunturu tana toshe shi. Batir da aka manta a cikin na'ura yana yoyo ya cinye allon. Katin ajiya da ma'ajin USB su ma ba dawwamammu ba ne, abin da ke ciki yana iya zurarewa in sun yi shekaru a ajiye.

Masana sun samo dabaru. Wasu suna gyara tsohuwar na'urar su raya ta, kamar yadda gidan tarihin kwamfuta na Kalifoniya ya tayar da wata tsohuwar kwamfuta mai suna PDP-1 don a buga Spacewar!, wasan da wasu matasa a jami'ar MIT ta Amurka suka rubuta a 1962. Wannan yana da kyau amma yana da tsada, kuma kayan gyara ƙarewa suke yi. Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce manhajar kwaikwayo, wadda ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar na'urar. MAME, wadda Nicola Salmoria ɗan Italiya ya fara a 1997, ta ceto dubban wasannin manyan akwatunan nan da ake jefa wa kwabo. Ta PS2 kuma sunanta PCSX2. Da kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash, manhajar da ƙananan wasannin intanet da yawa suka dogara da ita, a ƙarshen 2020, ƴan sa-kai ne na shirin Flashpoint suka riga suka kwashe dubun dubatar ƙananan wasannin intanet kafin ƙofa ta rufe. Wani lokaci ma sa'a ce tsagwaronta: a 2012 mahaifin Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiri wasan Prince of Persia, yana share ɗaki ya tarar da kwali, ya aika wa ɗansa, sai ga asalin rubutun manhajar Prince of Persia a cikin tsofaffin faya-fayai, bayan an daɗe da fid da rai. Kwali ne a ɗaki, kamar naku.

Gidajen ajiya ma sun farka. Faransa tun dokar 1992 ta wajabta a kai kwafin manhajoji, har da wasanni, babban laburaren ƙasa. Balin tana da gidan tarihin wasannin kwamfuta tun 1997. A 2012 gidan adana fasaha na MoMA da ke Niyok ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, ciki har da Pac-Man da Tetris.

Duniyar da ake kashewa da maɓalli ɗaya

Duk abin da na faɗa a sama ya shafi wasan da ke cikin faifai. Wanda ke zaune a intanet matsalarsa ta fi haka nisa, kuma nan ne nake so ka nutsu, don shi ne zai buɗe maka ido a kan kwalinku.

Wasa irin Free Fire ko PUBG da ƙannenmu ke bugawa a fada, wato majalisar samari, yanzu, rabinsa ne kawai a wayarsu. Ɗaya rabin yana cikin manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Ranar da kamfanin ya ga ba riba, zai kashe su, abin da ke wayar ya zama ƙofa ba ɗaki. Haka ta faru da wasan tseren mota The Crew: ya fito a 2014, a ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe shi, har waɗanda suka saya da kuɗinsu suka kasa buɗewa. Daga nan ne yunƙurin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, ya taso, wanda ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai.

Tsakanin 2008 da 2010 Laburaren Majalisar Amurka ya ɗauki nauyin wani bincike mai suna Preserving Virtual Worlds, wanda ya haɗa jami'o'in Illinois da Stanford da Maryland da cibiyar fasaha ta Rochester, tare da kamfanin da ya mallaki Second Life. Sun gwada kwafe wasu tsibirai na wannan duniya. Sai suka tarar kowane gini da kowace kujera akwai mai ita, dole a nemi izininsa, kuma da yawa ba su amsa ba. Abin da ya fi wannan: ko da an kwafe komai, kufai ake samu. Gine-gine suna nan, ba kowa a ciki. Ba hira, ba ciniki, ba rigima, ba biki. A 2008 ɗin ne kuma aka rufe EA-Land, wadda a da ake kira The Sims Online, kuma abin da ya fi daraja da ya rage daga gare ta shi ne bidiyon da masu bincike na Stanford suka ɗauka na mintocin ƙarshe, mutane sun taru suna ban kwana da juna har allo ya yanke.

Ka ɗauki dara. Rami talatin a ƙasa, kowa da ƴaƴansa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. In ka kwashe tsinken da tsakuwar ka kai gidan tarihi ka rufe a gilashi, me ka adana? Ba ka adana dokar jera uku ba, balle dattijon da ke shafa gemu kafin ya ci, balle ƴan kallo da ke tsoma baki ana korarsu. Masu tonon tarihi sun sha wannan takaici. An samu allunan wasan Senet masu kyau a kaburburan Masar, amma cikakkiyar dokarsa ta tafi da masu ita, sai hasashe. Wasan birnin Ur na ƙasar Iraƙi, wanda aka tono a shekarun 1920, ya yi sa'a ne domin wani marubuci a Babila ya rubuta bayaninsa a kan allon yumɓu a shekara ta 177 kafin haihuwar Annabi Isa, Irving Finkel na gidan tarihin Birtaniya ya karanta. Mutum ɗaya da ya zauna ya rubuta yadda ake yi, shi ya raba wasan da ya rayu da wanda ya mutu.

Abin da ke cikin kwalinku wanda babu shi a Niyok

Zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: na'urorin PS2 ɗin nan huɗu su ne mafi ƙarancin daraja a cikin kayan. An sayar da fiye da miliyan 150 a duniya tun fitowarta a 2000, gidajen tarihi sun ƙoshi da ita. Wasan ƙwallon ƙafa na PES na asali ma kamfanin Konami da ya yi shi da masu tarawa suna da shi. Abin da ba kowa ke da shi ba sai ku, shi ne littafin yayanka, da katunan ajiya, da faya-fayan da aka yi wa kwaskwarima, da abin da ke cikin kan yayanka da yaran da suka girma a gabansa.

Kwalin da aka kawo mini, da na buɗe ɗaya daga cikin katunan, sai na tarar da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar. Babu ita a wasan, yaran ne suka gina ta da hannu, ɗan wasa bayan ɗan wasa, a lokacin da ƙasar nan ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka a 2012. Sun sa Moussa Maâzou a gaba, sun ƙara masa gudu har ƙarshen ma'auni. A gefenta akwai wata ƙungiya mai sunan lungunsu, kowane ɗan wasa da laƙabin wani yaro, an yi ƙoƙarin daidaita tsawo da hasken fata da aski. Na nemo wanda ya yi wannan aiki, yanzu direban babbar mota ne a hanyar Agadas. Da na kunna masa, ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya fara bin sunayen da yatsa: wannan yana Libiya, wannan ya zama malamin makaranta, wannan Allah ya yi masa rasuwa, mai tsaron gidan nan mun sa shi a raga ne don ya fi kowa ƙiba. Katin megabait 8 ne, bai kai akwatin ashana kauri ba, amma rajistar samarin lungu guda ce ta wata shekara.

Kada ka raina faya-fayan kwaskwarima don ba na asali ba ne. A Barazil, Bomba Patch, wato PES da wani mai gidan wasa ya riƙa sabunta wa ƴan wasa da riguna tun 2007, ya zama abin da ƙasar ke alfahari da shi. Faifan da aka ƙona a Kano ko a nan, aka canza masa waƙar buɗewa da sunayen ƙungiyoyi, aka rubuta masa suna da maka, shaida ce ta yadda kaya ke tafiya tsakanin kasuwanninmu da yadda muke mayar da abin baƙo namu.

Littafin kuwa, shi ne zuciyar kundinka. A ciki za ka ga farashin wasa ɗaya, ko dala goma ko dala ashirin, da lokacin da ya canza. Za ka ga watannin da ciniki ke tashi, hutun makaranta da bayan salla, da waɗanda yake faɗuwa. Za ka ga wa ake ba bashi, har nawa, wa ya biya, wa aka yafe wa. Sa'an nan akwai dokokin da ba a rubuta ba, waɗanda sai ka tambaya: wanda aka ci shi ke biya ko raba kuɗin ake yi? Mai nasara yana zama har sai an tayar da shi? In mutum biyu suna son ƙungiya ɗaya, wa ke haƙura? Wadda na fi so in ji amsarta ita ce: in wuta ta ɗauke ana ci biyu da nema, saura minti goma, wa ya ci, wa zai biya? Kowane gidan Play yana da hukuncinsa a kan wannan, kuma yadda yayanka ya yanke shi, yara suka yarda, darasi ne a kan yadda ake samun iko da adalci a inda babu alƙali.

Yadda za ka kama aikin

Fara da hoto, kafin ka goge komai ko ka kunna komai. Kowane faifai gaba da baya, kowace takarda da aka liƙa, kowane shafi na littafin, har bangon da aka yi lissafi a kai. Ka ba kowane abu lamba, ka buɗe rajista: lamba, abin da aka rubuta a jiki, inda aka saya, nawa, wace shekara, in yayanka ya tuna. Ku zauna tare ku yi wannan, wayarka tana ɗaukar murya, don hannunsa na taɓa faifai labari zai zubo.

Cire duk wani batir da ke cikin manet marar waya. Faya-fayai a tsaye ake ajiye su, kowanne a gidansa, nesa da rana. In za ka goge, da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki a miƙe, kada ka bi da'ira. Bayan haka ka nemi kwamfuta mai karanta DVD ka juye kowane faifai zuwa fayil ɗin ISO, wato cikakken kwafin faifan a fayil guda, ka fara da na kwaskwarima. Wasu za su ƙi karantuwa, ka rubuta hakan a rajista, kada ka yar da su, wata na'urar takan karanta abin da wata ta kasa. Kowane fayil ka fitar masa da lambar SHA-256, wadda take kamar hatimi: in harafi ɗaya ya lalace a cikin fayil ɗin nan gaba, lambar za ta canza ka gane. Kwafi uku za ka yi, a ma'aji iri biyu, ɗaya kuma ya bar garin, ko wurin ɗan'uwa a Maraɗi ko Yamai. Duk shekara ka buɗe ka duba.

Katunan ajiya su ne nake jin tsoro a kansu, don na taɓa yin asara. Na ba wani mai gyara kati ya kwafe mini, na fita salla, kafin in dawo ya ga na'urar ta nuna wani saƙo ya danna amincewa, kati ya koma fari fat. Har yau abin yana damuna, don mai katin ya amince da ni ne. Saboda haka ranar da za a kunna na'urar, a busa mata ƙura tukuna, a haɗa ta da abin daidaita wuta, ka sa katin, ka ɗauki bidiyon allon da wayarka tun daga jerin abubuwan da ke ciki har cikin kowace ƙungiya. Bayan ka samu wannan ne za a gwada kwafewa zuwa USB, kana tsaye a wurin.

Sai mutane. Yayanka, da tsofaffin abokan cinikinsa goma ko sha biyar, da mai gyaran da yake kai wa na'ura. Kada ka tsaya a kan masoya kaɗai. Nemi uwar da ta taɓa zuwa ta ja kunnen ɗanta daga ɗakin, da malamin makarantar allo ko na boko da ya yi ƙorafi, da maƙwabcin da hayaniya ta hana barci. In an yi caca a wurin, ko yara sun saci kuɗin cefane, wannan ma ya shiga kundi. Nazarin abu ba yabonsa ba ne, kuma ina jin wannan ita ce amsar da za ta kwantar wa Baba da hankali. Ka yi hirar da Hausa, ka rubuta ta da Hausa kalma da kalma kafin ka juya zuwa Faransanci, don sunayen da yara suka raɗa wa dabaru da zolayar da suke wa wanda aka lallasa ba sa tsallake fassara da rai. Ka nemi izinin kowa kafin ka ɗauki murya, ka sauya sunaye a kundin, musamman na masu bashi, kuma yaro ƙarami sai da yardar iyayensa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968 aikinta tattara tarihin baka, kuma mutumin da jami'arku ke ɗauke da sunansa shi ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, aka buga a 1971.

In na'ura ɗaya ta tashi, ka shirya yamma guda. A shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi, a kira tsofaffin ƴan wasan su buga gasa kamar da. Waya ɗaya ta kalli allo, ɗaya ta kalli hannaye da fuskoki da ƴan kallo. Wannan bidiyon shi ne zai zama allon yumɓunku.

Inda ƙarfina ya tsaya

Ni ba lauya ba ne. Wasannin nan suna da masu haƙƙi, Nijar kuma tana cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi, tana da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA. Kwafin da ka yi don bincike ka ajiye daban yake da wanda aka watsa a intanet, don haka kada ka ɗora fayilolin ISO a ko'ina, ka tuntuɓi malamin da ke duba kundinka da masanin doka kafin ka miƙa su ga wata ma'ajiya. Ko a Amurka wannan ƙulli bai warware ba: a Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi amincewa laburare su bar masu bincike su buɗe tsofaffin wasanni daga nesa. Hotunanka da hirarrakinka da rajistarka kuwa naka ne da na waɗanda suka ba ka izini.

Kuma kada ka ɗora wa kanka abin da ya fi ƙarfin ɗalibi ɗaya. Ba za ka ceci kowane faifai ba, manhajar kwaikwayo ba za ta dawo da nauyin manet mai tsinkakkiyar waya da aka ɗaure da salatif ba, kuma Free Fire ba ta hannunka, ranar da aka kashe ta ta tafi. Abin da ke hannunka shi ne ka ware babi ɗaya na ƙarshe ka zauna a fada biyu ko uku, ka rubuta yadda ake bugawa yau: nawa ake kashewa a kan megas na intanet, wa ke ara wa wa waya, da wane harshe suke magana da abokan wasan da ba su taɓa gani ba. Nan da shekara goma wani zai nemi wannan kamar yadda kake neman labarin gidan yayanka. Haka ma wasannin da ƴan Afirka ke ƙirƙira, irin Aurion da kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar a 2016, ƙananan kamfanoni ne ke riƙe da su, in kamfanin ya durƙushe ba wanda zai bi sawu.

Game da Baba, in na'urorin ne ke tsone masa ido, ka riƙe biyu mafi lafiya, ɗaya ta aiki ɗaya ta kayan gyara, a sayar da sauran. Kuɗin ya isa ya rage maka tsadar ma'ajin kwamfuta na farko. Littafin dai da katunan, ka sa su a leda mai kauri ka kai su akwatin da Inna ke ajiye takardun gida. In ka gama rajistar, ka kawo mini ita tare da kati ɗaya, mu buɗe shi tare.